Na kunna kwamfuta, dijonktar ya faɗi: tambayoyi da amsoshi daga Yamai

Sana'ata jan waya da gyaran kuran a gidaje a nan Yamai. Tun da kwamfuta ta shiga ɗakunan ɗalibai da shagunan buga takardu, da wuya a yi mako ban ji wannan magana ba: "Malam, da na kunna ordinatar sai dijonktar ya faɗi." Dijonktar shi ne maɓallin nan da ke yanke kuran da kansa idan an samu matsala a layi. Ni kuwa ba na fara tambayar irin kwamfutar. Abu biyu nake son ji, wane dijonktar ne ya faɗi, kuma a wane lokaci. Wanda ya riƙe amsar waɗannan biyun ya yi mini rabin aiki.

Kwamfuta tana cin kuran da yawa ne har ta iya sauke dijonktar?

Galibi a'a. Kwamfutar tebur irin ta aikin ofis, haɗe da allonta, tana cin wat 100 zuwa 200. Cajar kwamfutar hannu wat 45 zuwa 90 ce. Sai dai manyan na'urorin wasa da na haɗa bidiyo, masu babban katin hoto, su kan kai wat 500 ko su ɗara. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, saboda haka layin da ke kan dijonktar mai amper 10 zai ɗauki kusan wat 2200, mai amper 16 kuma kusan wat 3500. Ka ga kwamfutar ofis ko kashi ɗaya cikin goma na ƙaramin layin ba ta cika ci ba.

Masu ci na gaske su ne duk abin da ke yin zafi ko sanyi. Dutsen guga na kuran yana shan wat 1000 zuwa 2000, butar dafa ruwa ta kuran ma haka ko fiye, kilim matsakaici ya wuce wat 1000. Akwai kuma wadda ake mantawa da ita don tana zaune kusa da kwamfuta kamar ba ruwanta, wato firinta mai aiki da garin tawada. Tana da abin ɗumama takarda a ciki, kuma lokacin da take ɗaukar zafi takan ja wat ɗari-ɗari, wata har kusan 1000.

An taɓa kirana wani gida a unguwar Bukoki cikin sanyin Janairu. Hajiya ta riga ta yanke hukunci, kwamfutar ɗanta ce ke kashe mata kuran kullum da asuba, har ta ce a fitar da ita daga gidan. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri in leƙa bayan gida." A can na tarar da bokiti cike da ruwa, an tsoma masa ƙarfen nan na ɗumama ruwan wanka, wayarsa ta bi ta taga ta shiga ralonjin da kwamfutar take kai. Yaron yana tashi karatu daidai lokacin da ƙannensa ke ɗora ruwan wankan makaranta. Kwamfutar ita ce ta ƙarshen shigowa kan layin da ya riga ya cika, shi ya sa ta sha zargi.

To idan ba nauyi ba ne, me kuma ke sauke shi?

Abu uku ne daban-daban, kowanne da alamarsa, mutane kuwa sukan haɗa su duka su ce "ya faɗi".

Na farko nauyi. A cikin ƙaramin dijonktar akwai wani siririn ƙarfe, ƙarafa biyu ne aka manne, wanda ke lanƙwashewa a hankali idan kuran da ke ratsa shi ya yi yawa. Ba ya faɗuwa nan take. Dijonktar na gida da aka ƙera bisa ƙa'ida yana iya jure ƙarin kashi 13 cikin ɗari har sa'a guda bai faɗi ba, amma idan ƙarin ya kai kashi 45 cikin ɗari dole ya faɗi kafin sa'ar ta cika. Alamar wannan ita ce kana cikin aiki, minti goma ko rabin sa'a, sai ɗif. Ka je ka taɓa shi ka ji ɗumi, wani lokaci ma ya ƙi tashi sai ya huce.

Na biyu fizga. Akwai maganaɗisu a cikin dijonktar ɗin da ke saki cikin ƙiftawar ido idan kuran mai yawan gaske ya wuce gaba ɗaya, kamar idan wayoyi biyu suka haɗu. Alamarsa faɗuwa daidai lokacin da ka soka filogi ko ka danna maɓalli, sau da yawa da ƙara "tas" a bakin piriz.

Na uku yoyo. Wannan aikin wani dijonktar ne daban, wanda muke kira difaransiyal, mai ɗan maɓalli da aka rubuta T a kai. Shi ba ruwansa da nauyi. Yana auna kuran da ya fita ta waya ɗaya da wanda ya dawo ta ɗayar ne kawai. Idan aka samu giɓi, ya san wani abu ya zurare ta wata hanya, ko ta ƙasa ko ta jikin mutum, sai ya yanke.

Ta yaya zan gane wanda ya faɗi?

Je ka duba da idonka kafin ka tada komai. Babban da ke kusa da kwantar shi ne na gida duka, idan ya faɗi ko ƙwan fitila ɗaya ba zai rage ba. Irin na Faransa da ya yawaita a gidajenmu aiki biyu yake yi, yana tsare nauyin da aka yi rajistarsa da NIGELEC, kamfanin kuran, kuma da yawansu suna da difaransiyal mai miliamper 500, za ka ga an rubuta 500 mA a fuskarsa. Ƙananan da ke jere a cikin tablo kowanne da ɗakinsa ko layinsa, an rubuta musu C10, C16, C20, lambar ita ce amper ɗin kowanne. Mai faɗi-faɗi da maɓallin T da rubutun 30 mA shi ne mai tsaron rai. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da shi sam.

Masu kwantar ta kati su lura da wani abu. Ita kanta kwantar tana iya yanke kuran idan an wuce ƙarfin da aka saita mata, kuma a lokacin za ka tarar da duk dijonktar suna tsaye lafiya.

Me ya sa yake faɗuwa daidai lokacin da na soka filogi, ko lokacin da aka dawo da kuran?

Wannan ita ce matsalar da ta fi zama ta kwamfuta ita kanta. A bayanta akwai akwatin ƙarfe mai fanka inda wayar kuran ke shiga, masu gyara suna ce masa alimantasiyon. A cikinsa akwai babban kondansatar, ka ɗauke shi kamar randa. Idan randar ta wofinta, a lokacin da ka haɗa ta da kuran takan zuƙi amper gomomi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan komai ya lafa. Masu ƙira sun sa wani ɗan abu a hanya da ke rage wannan zuƙa, amma yana aikinsa ne idan yana da sanyi. Idan kwamfuta ta daɗe a kunne ya yi zafi, aka ɗauke kuran aka dawo da shi cikin daƙiƙa biyu, ba ya samun lokacin hucewa, sai zuƙar ta wuce da ƙarfinta.

Harafin da ke gaban lambar dijonktar shi ke gaya maka yawan fizgar da zai jure. Mai B yana saki idan kuran ya ninka lambarsa sau 3 zuwa 5, mai C sau 5 zuwa 10, mai D sau 10 zuwa 20. Wato B10 na iya faɗuwa tun daga amper 30, alhali C16 ba zai motsa ba sai an kai amper 80. Kwamfuta ɗaya ba ta cika sauke C16 lafiyayye ba. Amma a shagon buga takardu da aka jera kwamfuta shida da allunansu kan maɓalli ɗaya, ko a gidan da firigo da kilim da kwamfuta duk suke jira a kunne lokacin da kuran ya dawo, fizgar kowa takan haɗu a lokaci ɗaya.

Maganinsa bai da tsada. Idan an ɗauke kuran, a kashe manyan kaya daga bango, in ya dawo a kunna su ɗaya bayan ɗaya. A shago, a raba kwamfutocin kan maɓallai biyu ko uku. Idan kuwa kwamfuta ɗaya tilo ce, kowane piriz ka kai ta sai ya faɗi nan take, to wani abu ya ƙone ya haɗe a cikin alimantasiyon, kada ka ci gaba da gwadawa.

Mai maɓallin T ne ke faɗuwa, kuma ba shi da lokaci. Kwamfutar ta lalace ke nan?

Ba lallai ba. A nan ne mutane suka fi rikicewa, har da wasu abokan sana'ata.

Kowace kwamfutar tebur, ko sabuwa ce dal daga kwali, tana zubar da ɗan kuran kaɗan cikin wayar ƙasa, wato waya ta uku ta piriz da ke kaiwa ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Haka aka ƙera ta, akwai wasu ƙananan kondansatar da ke tace hayaniyar da alimantasiyon ke yi, kuma ta wannan waya suke zubarwa. Yawanci miliamper ɗaya ne zuwa biyu. Shi kuma difaransiyal mai 30 mA ba sai an kai 30 yake faɗuwa ba, ƙa'idarsa ta yarda ya faɗi ko'ina tsakanin 15 da 30. Yanzu ka lissafa gidan da aka ɗora komai kan difaransiyal ɗaya, kwamfuta da allonta, firinta, ondilar (akwatin nan mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke kuran), talabijin, firigo tsoho, injin jan ruwa a tsakar gida. Kowa na ɗigar da nasa. Da yayyafi kogi kan cika. Gidan na zaune a bakin iyaka, abu kaɗan ya ƙaru sai ya faɗi, kuma duk wanda aka kunna a ƙarshe shi ne mai laifi a idon mutanen gida.

Yanayinmu yana ƙara masa. Ƙurar hunturu tana shiga cikin alimantasiyon ta kwanta kamar auduga, fankar ce ma ke jawo ta. Muddin a bushe take ba ta cika yin komai ba. Da damina ta sauka, Yuli da Agusta, ƙurar ta sha laima ta zama hanyar da kuran ke bi ya zurare. Shi ya sa wani zai ce maka kwamfutarsa lafiya lau take duk rani, ruwan farko kawai aka yi ta fara fitina. Akwai kuma baƙi. Na taɓa kwance wani alimantasiyon a Talladje na tarar da tsaka ta bushe ƙayau, ta miƙe tsakanin ƙafar wani ƙarfe da jikin akwatin, ga ƙwanta biyu farare a lungu. Kyankyasai ma suna son ɗumin wurin.

Kada a manta da ralonji mai kariyar tsawa. Abin da ke cikinsa yana tsufa duk lokacin da ya sha bugu, idan ya gaji sai shi da kansa ya fara yoyo. Sau da yawa canza ralonji kaɗai ya kashe maganar. Idan kuma aunawa ta nuna tarin ƙananan yoyo ne ba na'ura ɗaya ba, gyaran shi ne a raba gidan kan difaransiyal biyu ko uku, a ware wa kwamfuta nata layin.

Idan na taɓa jikin kwamfutar ba takalmi sai in ji tana ɗan ja na. Yana da alaƙa?

Yana da ita, kuma ya fi faɗuwar dijonktar damuna. Ma'anarsa piriz ɗinka ba shi da wayar ƙasa, ko tana nan amma ba ta kai ko'ina ba. Ɗan yoyon nan da ya kamata ya bi wayar ya tafi, ya rasa hanya ya taru a jikin ƙarfen, idan ka auna sai ka ga kusan rabin bolt ɗin layi, wajen 110. Ƙarfinsa kaɗan ne, shi ya sa tsikari kawai kake ji. Haɗarin yana ranar da wata waya za ta saki a ciki ta taɓa jikin akwatin, ranar ba tsikari ba ne.

Sau nawa na buɗe piriz mai kyau, da ƙarfensa na ƙasa yana ƙyalli, na tarar waya biyu ce kawai a baya. Wani gidan kuma an kafa sandar ƙasa, amma gajera ce cikin yashi busasshe. Ƙasarmu ta Yamai, balle ta wajen Tawa, idan rani ya yi nisa takan bushe har can ciki, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar kuran da kyau. Ga gidan da ke dogaro da difaransiyal mai 500 mA, ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda da yawanmu muka koyi aiki a kanta, ta ce kada juriyar ƙasa ta wuce om 100. Ba a gane wannan da ido, sai an auna, kuma gara a auna cikin rani.

Me zan iya gwadawa da kaina kafin in kira mai gyara?

Zare komai daga layin, zarewa daga bango, ba kashe maɓalli kawai ba. Tada dijonktar. Idan ya faɗi ba komai a kai, matsalar tana cikin bango ko tablo, kwamfuta ta fita. Idan ya tsaya, soka akwatin kwamfutar shi kaɗai kai tsaye a bango, ba ralonji, ba ondilar, ba allo. Bar ta ta yi aiki. Sannan ka riƙa ƙara kaya ɗaya-ɗaya, kana ba kowanne ƴan mintuna. Canza wayar kuran ta bayan kwamfutar da ta allo, iri ɗaya ce, kuma wayar da ɓera ya ɗanɗana ko ƙafar tebur ta danne ta isa ta jawo duk wannan. A ƙarshe ɗauki kwamfutar ka kai gidan maƙwabci. Idan ta sauke nasa, ita ce. Idan ta zauna lafiya can, gidanka ne.

Ka kuma shinshina piriz ɗin, ka duba ko bakinsa ya yi baƙi ko robar ta narke. Wanda filogi ke rawa a cikinsa ya gama aiki.

Wani ya ce in cire C10 in sa C32, magana ta ƙare. In yi?

Kada ka yi. Dijonktar ba don kwamfuta aka sa shi ba, don wayar da ke cikin bango aka sa shi. Waya mai kauri 1.5 iyakarta amper 16, mai 2.5 iyakarta amper 20, amper 32 kuwa sai mai kauri 6. Ka sa C32 kan waya 1.5, dijonktar zai daina faɗuwa da gaske, wayar ce za ta riƙa yin zafi a cikin silin inda ba mai gani. Kuma ba duk wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta ce 2.5 ba. Idan za ka shiga kasuwar Katako sayen waya, tafi da wanda ya san ta, a fere baki a ga jan ƙarfen. Akwai wadda aluminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ka kankare da wuƙa sai fari ya fito.

Haka nan wanda zai ce a cire difaransiyal ko a yanke wayar ƙasa "don ya daina damu". Zai daina, amma yoyon yana nan. Babban na kusa da kwantar kuwa, idan da hatimin kamfani a jikinsa, ba a taɓa shi. Wanda kayansa suka fi ƙarfin rajistarsa ya je ya nemi a ƙara masa.

Me ya sa abin ya fi yawa a Afrilu da Mayu?

Dijonktar na gida a kan zafin digiri 30 ake saita shi. A Yamai watannin nan rana takan wuce digiri 40, tablon kuma wani gidan a jikin bangon da rana ke duka yake, cikin akwatin ƙarfe. Siririn ƙarfen nan ya riga ya ɗauki zafi tun kafin kuran ya ratsa shi, don haka yakan saki da wuri. Ga kilim da fankoki da firigo duk suna aiki ba hutu. Sannan idan kuran ya zo da rauni, alimantasiyon ba ya rage cinsa, ƙara jan amper yake don ya cike giɓin.

Ondilar ko istabilizatar za su magance?

Ondilar zai cece ka daga asarar aikin da kake yi, wannan kaɗai ya isa dalilin sayensa. Amma ba ya warkar da dijonktar. Yana da nasa yoyon, yana da tasa fizgar, kuma bayan an dawo da kuran yana cajin batir a kan abin da kwamfuta ke ci. Istabilizatar ma, mai daidaita bolt, idan kuran ya yi rauni ƙarin amper yake ja daga bango. Kada a haɗa firinta mai garin tawada kan ƙaramin ondilar, ta fi ƙarfinsa. A kuma lura lambar da ke jikinsa VA ce ba wat ba, mai 650 VA abin da yake ɗauka na gaske bai cika kai wat 400 ba.

Na sayi tsohuwar kwamfutar tebur da aka kawo daga waje, ina sokawa ta yi ƙara da hayaƙi.

Duba bayan alimantasiyon. Tsofaffi suna da wani ɗan jan maɓalli mai zamewa, 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Amurka da bolt 120 take aiki, kayan da suka fito can sukan iso a kan 115. Ka soka shi haka a namu, ya ƙone nan take. Galibi alimantasiyon kaɗai ke tafiya, a canza shi. Wanda ba shi da jan maɓallin, karanta takardar jikinsa, idan an rubuta 100-240 V ba matsala.

Yawan faɗuwar zai iya lalata kwamfutar?

Zai iya. Yankewar kuran tana tsakiyar rubuta bayanai takan ɓata fayil, wani lokaci Windows ya ƙi tashi. Shi ma dijonktar ɗin yawan faɗuwa da tadawa yana cinye bakin ƙarfensa, har ya koma faɗuwa ba dalili. Idan ya faɗi sau biyu a jere, kada ka tada na uku sai ka zare wani abu, kuma kada ka taɓa danne shi da hannu ko ka tokare shi da tsinke.

In buɗe alimantasiyon in share ƙurar da kaina?

Jikin kwamfutar kana iya buɗewa ka hure, bayan ka zare waya daga bango. Akwatin alimantasiyon kuwa bar shi a rufe, hure shi ta ramukan iska. Babban kondansatar ɗin nan yana riƙe sama da bolt 300, kuma yana iya riƙe su bayan an zare waya.

Gidan haya muke, kwantar ɗaya, ɗaki shida. Kullum ni ake zargi don ni ke da kwamfuta.

Wannan kam na sha raba gardamarsa. A irin gidajen nan babban dijonktar ne ke faɗuwa, don nauyin ɗaki shida ya taru a kansa, kuma ba wanda ya san abin da maƙwabcinsa ya kunna bayan labule. Wanda ke da resho na kuran a ƙarƙashin gado ba zai yi magana ba, kai da aka ga ka shigo da kwali mai hoton allo kai ne a baki.

Ka roƙi maigida ya kira mai gyara da ke da abin auna amper mai baki kamar ƙaguwa, wanda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. A zo da magariba, lokacin da kowa ya dawo. A maƙala shi kan wayar kowane ɗaki a gaban kowa, a karanta lambar da ƙarfi. Kwamfutar ofis ba za ta kai amper 1 ba, resho kuwa zai nuna 5 ko fiye. Daga nan sai a sa wa kowane ɗaki nasa ƙaramin dijonktar daidai kaurin wayarsa, ta yadda wanda ya wuce iyaka ɗakinsa kaɗai zai yi duhu, kuma a liƙa takarda a jikin tablo da lambar kowane ɗaki.